Kacalla: Typha domingensis

Kacalla, wadda wasu ke kira shalla, doguwar ciyawar ruwa ce da ke fitowa a fadama, bakin tafki da magudanar da ruwa ba ya gudu da ƙarfi. Tsayinta kan kai mita 2 zuwa 4. Sunanta a kimiyyance Typha domingensis, kuma masanin tsirrai Christiaan Persoon ne ya raɗa mata shi a 1807, daga sunan Santo Domingo da ke yankin Karibiyan. A tsofaffin littattafan tsirran Afirka ta Yamma za a tarar da ita da sunan Typha australis.

A fagen rabe-raben tsirrai, kacalla tana cikin masu tsirowa da ganye ɗaya, irin su gero da dawa. Babban rukuninta shi ne Poales, danginta kuwa Typhaceae, ƙaramin gida mai jinsi biyu kacal, Typha da Sparganium. Nan ne ake yawan ruɗewa. Ciyawa muke ce mata, amma ba 'yar gidan ciyayi na ainihi ba ce, wato Poaceae. Haka kuma ba dangin aya da kajiji ba ce, su 'yan Cyperaceae ne masu kara mai kusurwa uku a mafi yawansu, ba ta kuma cikin Juncaceae, wani dangin tsirran fadama. Dukansu dai 'yan rukuni ɗaya ne, wato Poales, zumunci ne na nesa.

Kanta ne ke tona asirinta. Ga shi launin ƙasa-ƙasa, dunƙule kamar zangarniyar gero, sai dai hawa biyu ne: furen namiji a sama, na mace a ƙasa, da ɗan tsiraicin kara a tsakani. Wannan 'yar tazarar ce ke bambanta ta da 'yar uwarta Typha latifolia, wadda nata a manne suke. Iska ke yi mata barbara. In kan ya nuna aka murza shi, sai ya tarwatse kamar audugar rimi, iri dubbai su bi iska. Ganyen kuma in aka tsaga shi, cike yake da ƙananan ɗakunan iska masu kai numfashi ga saiwar da ke cikin laka. Saiwar nan mai rarrafe ita ce ƙarfinta, shi ya sa ƙona ta aikin banza ne. Manoma kan yanke ta ƙasa da saman ruwa don ta shaƙe.

Mutumin Jos yana da alaƙa da labarinta fiye da yadda yake zato. Kogin Dilimi da ya ratsa garin yana cikin ruwayen da ke haɗuwa su zama kogin Jama'are, wanda ke malala fadamar Haɗeja da Nguru. A can ne kacalla ta zama annoba. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, a kan kogunan Kano da ke kai ruwa fadamar ta kogin Haɗeja, ruwan da a da yake janyewa da rani ya koma zama duk shekara, ita kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin kwalekwale, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta zama makwancin tsuntsayen jan baki masu wawashe hatsi.

Ba a rasa ta da amfani ba. Ana saƙa tabarma da ganyenta, ana jinka da shi, kuma saiwarta na zuƙe dattin ruwa har da guggubin ƙarafa, abin da ya sa ake dasa ta a wuraren tace gurɓataccen ruwa. A Senegal, inda ta mamaye kogi bayan madatsar Diama ta 1986, gawayin girki ake yi da ita.