A Raba Shara Tun Daga Tsakar Gida, Taki Ya Koma Gona

Duk wanda ya zazzage kwandon sharar gidansa ya duba, abin da zai tarar bai wuce ɓawon albasa da na doya ba, da karan ganyen miya, toka, ƙurar tsintsiya, kashin kaji ko na awaki, sai kuma leda. Na farkon nan duka abincin ƙasa ne. Leda ce baƙuwa a cikinsu, kuma ita ke ɓata sauran. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗibar juji daga cikin birni a mangala su kai gona kafin faɗuwar damina, hakan na cikin abin da ya sa gonakinsu ke ba da amfani shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Yanzu kuwa manomi zai sayi tifa guda ta bola, ya ɓata kwanaki yana tsince leda da fasasshiyar kwalba da batir. Gyaran wannan a tsakar gida yake, tun kafin kayan su cakuɗe.

Mazubi uku sun wadatar. Bokiti mai murfi na duk abin da ke ruɓewa, buhu na leda da roba da gwangwani, sai tsohon kwano na toka, domin tokar da ke da sauran garwashi takan tayar da gobara idan ta haɗu da busasshiyar shara. Mataccen batir, allura, reza da ragowar magani a sa su cikin gwangwani mai murfi inda hannun yaro ba zai kai ba. Roba, ƙarfe da goran ruwa 'yan jari-bola suna saye, ba abin zubarwa ba ne.

Iyaye mata, roƙonmu na farko a kan leda shi ne a daina hura wuta da ita. Gaskiya ne tana kama ɗanyen itace da wuri, amma hayaƙinta mai guba ne, kuma mai girki da jaririn da ke goye su ke fara shaƙarsa. Haka ƙona bola a bakin layi bayan magariba: hayaƙin yana kwantawa ƙasa-ƙasa ya shiga ɗakuna, mai asma da tsoho mai tari su kwana ba barci. Ledar da aka yar a waje kuma akuya ce ke cinye ta saboda gishiri da man da suka manne a jiki. Tumbi ba ya narkar da leda. Tana taruwa ta dunƙule, dabba ta riƙa ramewa cikinta a kumbure, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa a banza, sai ranar yanka mahauci ya zaro dunƙulen. Wadda ta tsira daga akuya lambatu take faɗawa ta toshe shi, ruwa ya kwanta, sauro kuwa a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi baya a 2017. Mu ba sai mun jira doka ba kafin a ba yaro kwano idan za shi sayen manja ko niƙa, maigida kuma ya rataya jakar cefane a babur.

Yanzu ga yadda ake mai da abin da ke cikin bokitin nan taki. A nemi wuri mai inuwa, nesa da rijiya, inda ruwan sama ba ya kwanciya. A haƙa rami mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, zurfinsa ya kai gwiwa ko ya ɗan wuce. A ƙasarmu mai zafi da iska rami ya fi tsibi a fili, saboda yana riƙe danshi. Da damina ne kawai ake gwammace a tara a kan tudu. A haƙa na biyu kusa da shi, za a ga amfaninsa wajen juyi.

A ƙasan ramin a shimfiɗa sassaren karan dawa ko na masara kaurin tafin hannu, don iska ta samu hanyar shiga. A kai a zuba busassun kaya, wato ganyen bishiya, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, tattakar turke, kaurin kamar santimita 20. Sai ɗanyun kaya na kicin da ɗanyar ciyawa santimita 10, sai kashin dabbobi santimita 5, a barbaɗa ƙasa kaɗan da toka tafi ɗaya ko biyu, a yayyafa ruwa. A maimaita haka har rami ya cika ya yi tozo, a rufe da tsohon buhu ko ciyawa. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce busasshe kashi biyu zuwa uku, ɗanye kashi ɗaya. Duk abin da aka sassara ƙanana ya fi saurin ruɓewa. Karan da aka jefa da tsawonsa za a same shi yadda yake bayan wata uku.

Ruwa ne inda aka fi kuskure. A damƙi kayan a matse: idan ruwa ya tsiyaya ta tsakanin yatsu ya yi yawa, idan aka buɗe hannu suka warwatse ya yi kaɗan. Daidai shi ne ɗigo ɗaya ko biyu, dunƙulen kuma ya tsaya. Ba sai an sayi ruwa ba, na wankin shinkafa da na alwala sun isa. Na wanki mai omo ko bilic kada ya shiga.

A soka doguwar sanda a tsakiya a bar ta. Bayan kwana uku zuwa biyar a zaro a taɓa. Idan ta fito da zafi da danshi, aiki ya kama. Zafin tsakiyar takin kirki yakan kai digiri 55 zuwa 65, shi ne kuma ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Bayan mako biyu ko uku a kwashe da shebur a juye cikin rami na biyu, na gefe ya koma tsakiya, na sama ya koma ƙasa, ana yayyafa ruwa inda ya bushe. Juyi uku ya isa. Cikin wata biyu zuwa uku takin zai nuna: ya yi baƙi-baƙi, ya yi laushi, ya huce, yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko.

Hanci da sandar nan za su faɗi abin da ya lalace. Ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai alama ce ta ruwa ya yi yawa iska ta kasa shiga, sai a juya a ƙara busasshen ganye. Zarni mai hawa kai na nufin kashin kaji ko toka ya yi yawa, kuma wannan warin sinadarin da ake sayen buhun yuriya dominsa ne ke tserewa cikin iska. Shi ya sa muke cewa toka barbaɗawa ake yi, ba a juye kwano guda. Idan sanda ta fito da sanyi, ko dai kayan sun bushe ko ɗanye da kashin dabba sun yi kaɗan. Farin abu kamar gari a tsakiya, ko gara ta shiga, duk ƙishirwa ce, a ba shi ruwa. Ƙuda da ɓera kuwa nama, ƙashi, mai ko ragowar tuwo da aka bari a sama ne ke kiransu. Nama da mai kada a sa su sam, sauran kuma a binne su a ciki duk lokacin da aka zuba.

Akwai abin da ba ya shiga ramin ko da yana ruɓewa. Bayan gidan mutum, famfas ɗin yara, kashin kare da na kyanwa suna ɗauke da cutar da zafin ramin gida ba lallai ya kashe ba. Wuta-wuta da ta riga ta yi fure ita ma a ware ta, domin irinta yakan yi fiye da shekara 10 a ƙasa yana jiran dawa. Haka saiwar kiri-kiri da 'ya'yan aya-aya.

Kada a yi gaggawar kai ɗanyen taki gindin shuka, yana ƙona saiwa, ganye ya yi rawaya. Mai shakka ya ɗaure tafi ɗaya a leda ya buɗe bayan kwana biyu. In ya ji tsami ko wari, a ƙara masa mako biyu. Wanda ya nuna kuma kada a baza shi a rana tun watan Maris, a bar shi a rufe a inuwa sai dab da shuka. Idan kaɗan ne, zuba shi rami-rami ya fi watsawa. Manoman yankin Tawa a Nijar suna haƙa tassa, ƙananan ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30, su zuba tafi ɗaya ko biyu na taki a kowanne, ruwan sama ya taru a ciki, da haka suka dawo da fako mai yawa cikin noma.

Mai gidan haya da ba shi da wurin haƙa rami ya samu tsohon duro ko babban bokiti, ya huda shi gefe da ƙasa da ƙusa mai zafi, ya ɗora a kan bulo biyu, ya bi tsarin nan na busasshe da ɗanye, yana motsawa da sanda sau ɗaya a mako. Idan ya nuna a haɗa kashi ɗaya da ƙasa kashi biyu a cika buhun da aka huda gindinsa. Buhu ɗaya yana ɗaukar tumatir ko attaruhu gindi ɗaya zuwa biyu, alayyahu kuwa cikin mako huɗu zuwa biyar an fara yanka.