Bel ɗin mota da rasit ɗin tara: abin da doka ta ɗora wa direba da mai kaki

Duk wanda ya saba bin hanyar Garwa zuwa Marwa ya san wannan ɗabi'a. Da an hango shinge daga nesa, ko motar da ke tahowa ta ƙyafta fitila, sai direba ya jawo bel ya ratayo a ƙirji. Wani ko maƙalawa ba ya yi, da gwiwar hannu yake danne shi, ya ce wa na kusa da shi, "Alhaji, ja naka." Ana wuce jandarmomi kaɗan, bel ya koma mazauninsa. Mun mayar da shi kayan nuna wa mai kaki, kamar farmi (lasisin tuƙi) ko kat giris (takardar rajistar mota), alhali shi kaɗai ne cikin abubuwan da ake dubawa a shinge yake da aikin yi a lokacin da babu jami'i ko ɗaya a kusa.

Dokar hanya da ake aiki da ita a Kamaru ba tamu mu kaɗai ba ce. A watan Agusta na 2001 ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin yankin tsakiyar Afirka, wato Kamaru, Cadi, Afirka ta Tsakiya, Kwango, Gabon da Gini Ikwatoriya, suka amince da kundin dokar hanya guda ɗaya. Saboda haka direban da ya tashi daga Kuseri ya haye gadar Ngeli ya shiga Njamena bai fita daga ƙarƙashin wannan doka ba, masu tsaron hanya ne kawai suka canza. Game da bel maganar a fili take: mai tuƙi da wanda ke zaune a gaba wajibi ne su ɗaura muddin mota na tafiya. Ba a ware cikin gari daga bayan gari ba, kuma gajeriyar tafiya daga gida zuwa kasuwa ba ta fitar da kowa. Ɗaurawa kuma na nufin ƙarfen ya shiga makullinsa har ka ji ƙararsa. Bel ɗin da aka zagaya ta bayan kujera aka maƙala don mota ta daina kuka, ko wanda aka cusa ƙarƙashin hammata, ba a ɗaura shi ba.

Yana da kyau mutum ya san dalili, domin dokar da ba a gane amfaninta ba tsoro kaɗai ke sa a bi ta. Idan mota na gudun kilomita 50 a awa ta yi karo da abin da ba ya motsi, ita ta tsaya, amma jikin da ke ciki bai tsaya ba. Zai ci gaba da wannan gudun har sai ya sami abin da zai tare shi, ko sitiyari, ko gilashi, ko kwalta. Bugun daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10, wato bene mai hawa uku. A gudun kilomita 90, wanda direbobinmu ke ɗauka tafiyar hankali ce tsakanin Figil da Marwa, lissafin ya haura mita 30, domin ƙarfin bugu ba ninki ɗaya yake yi da gudu ba: idan gudu ya ninka sau biyu, bugun ya ninka sau huɗu. Babu damtsen da zai dafe sitiyari ya riƙe wannan nauyi. Bel mai maɗauri uku da muke gani yau, wanda injiniyan kamfanin Volvo Nils Bohlin ya ƙera aka fara sa shi a mota a 1959, aikinsa ya raba bugun a kan ƙasusuwa masu ƙarfi na ƙugu da kafaɗa, ya kuma hana mutum fita daga motar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwar na gaba da kusan rabi. Hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara.

Uzurorinmu sanannu ne. Zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ba wasa ba ne, bel yana manne wa mutum riga da gumi. Mai babbar riga yana tsoron ya isa wurin ɗaurin aure da layin ƙura a ƙirji, kuma gaskiya bel ɗin tasi da yawa ya yi shekaru bai ga ruwa ba. Wannan matsalar tsumma da sabulu ce. Wanda ya fi damuna shi ne mai cewa, "In kwana ya ƙare ya ƙare." Haka ne, babu mai ja da wannan. Amma mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, an ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Kuma ba kowane haɗari ke kai mutum kabari ba. Da yawa karyewar ƙashin baya suke bari, magidanci ya kwanta shekara da shekaru, mata da yara na jinya, motar da ake ci da ita ta zama ƙarfen sayarwa. Akwai kuma masu cewa gara a wurgo mutum waje da ya maƙale a ciki idan wuta ta kama. Wanda aka wurgo waje shi ya fi kusa da mutuwa, sannan wanda bel ya riƙe bai suma ba shi ne ke iya buɗe ƙofa ya fita, har ya jawo wani.

Na baya ma kada su ce ba ruwansu don jami'i bai cika leƙa su ba. Mutumin da bai ɗaura ba a kujerar baya, ranar karo a kan na gaba yake faɗawa da dukkan nauyinsa. Ita kuwa al'adar nan ta loda fasinja biyu a kujerar gaba, wadda ta zama ruwan dare a tasi da motocin ƙauye, laifi biyu ce a haɗe: an wuce adadin kujerun da aka rubuta a kat giris, kuma bel ɗaya ba ya ɗaure mutum biyu.

To, a shinge fa? A cikin gari galibi 'yan sanda ne, a bayan gari jandarmomi, waɗanda ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. Wani lokaci kuma a tarar da jami'an kiyaye haɗurra na ma'aikatar sufuri. A Arewa Mai Nisa, musamman daga Mora zuwa Dabanga har Kuseri, shingaye sun ƙaru tun 2014 saboda Boko Haram, kuma nan binciken mutane da kaya ake yi kafin a zo maganar mota. Jami'in da ke bakin aiki yana da ikon tsayar da kai, ƙin tsayawa kuma laifi ne mai zaman kansa, ya fi rashin bel nauyi nesa ba kusa ba. Zai nemi farmi, kat giris, takardar inshora, shaidar binciken lafiyar mota da katin ɗan ƙasa. Tun 2017 harajin mota na shekara ana biyansa ne tare da kuɗin inshora, don haka wanda inshorarsa ke da rai ya huta da wannan tambayar.

Daga nan doka ta juya kan mai kaki, kuma wannan ɓangaren ne direbobi suka fi jahilta. Kundin hukunta laifuka na Kamaru, wanda aka sabunta a 2016, ya kasa ƙananan laifuka aji huɗu. Aji na farko tararsa daga sefa 200 zuwa 1,200, na biyu 1,400 zuwa 2,400, na uku 2,600 zuwa 3,600, na huɗu 4,000 zuwa 25,000, wanda alƙali na iya haɗawa da ɗaurin kwana 5 zuwa 10. Kundin tsarin shari'ar laifuka na 2005, da ya fara aiki a Janairun 2007, shi ya ba da damar a biya tarar irin waɗannan laifuka nan take ba sai an je kotu ba. Sai dai ya gindaya sharuɗɗa. Doka ce ke yanke adadin tun kafin a kama ka, jami'i ba shi da ikon ƙarawa ko ragewa, don haka ciniki a bakin hanya alama ce ta an bar doka a baya. Ba kowane mai kaki ke karɓar tara ba, sai wanda aka ba izini. Duk kuɗin da aka karɓa kuma dole a yanko maka rasit daga littafi mai gindi, rabi a hannunka, rabi ya zauna a littafin don a bi sawun kuɗin zuwa baitulmali. Wanda bai yarda ya yi laifi ba yana iya ƙin biya, a rubuta rahoto, maganar ta tafi gaban alƙali. Idan kuwa an ji wa wani rauni ko an ɓata dukiyar wani, wannan ya wuce tarar nan take, na kotu ne kai tsaye.

Abin da aka saba gani daban ne. Jami'i ya karɓi takardu ya koma inuwa, direba ya bi shi yana "Shef, a yi haƙuri," fasinjoji na ta ƙorafin rana, a ƙarshe a naɗe 500 ko 1,000 a cikin kat giris a miƙa, a wuce. Ba na raina hujjar direba. Tarar gaskiya tana iya cinye ribar yini biyu, mai mota na jiran balas da yamma, mai ya yi tsada, ga kuɗin fiyaj, wato harajin bin hanya, 500 a kowace ƙofa. Akwai kuma direbobi da yawa da za su rantse maka takardunsu cikakku ne, bel a ɗaure, amma sai da aka nemo wani abu, ko tukunyar kashe gobara, ko akwatin magani, ko fitilar da ta tsage. Wannan zalunci ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa. Amma direba ya sani, sashe na 134 na kundin hukunta laifuka ya tanadar wa jami'in da ya karɓi cin hanci ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 200,000 zuwa miliyan 2, kuma sashen da ke biye da shi ya yanka wa mai bayarwa irin wannan hukunci. Ga kuma abin da ya fi taɓa ni: ɗari biyar ɗin nan tana buɗe shinge, amma motar ta wuce da lalataccen bel ɗinta da fasinja biyu a gaba, ta nufi gangaren dutsen da ke tsakanin Mbe da Ngaundere a yadda take.

Direban da ya ɗaura bel tun daga tasha, takardunsa a cike, shi ne ke da bakin magana. Ya tsaya inda aka nuna masa, ya yi sallama, ya miƙa abin da aka nema. Idan an ce ya yi laifi, ya tambaya cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, wane laifi ne, kuma aji na nawa ne?" Idan zai biya, ya ce a ba shi rasit, ya duba an rubuta laifin, adadin kuɗi, kwanan wata da sa hannu. Idan an riƙe masa takarda, ya nemi shaidar riƙewa a rubuce da sunan ofishin da zai je karɓa. Zagi ko ɗaga murya ba ya taimako, cin mutuncin jami'i a bakin aiki wani laifin ne daban da zai rufe naka ƙorafin. Wanda aka matsa wa sai ya ba da na goro, ya riƙe wuri da lokaci a ransa, ya kira hukumar yaƙi da cin hanci ta CONAC, wadda aka kafa a 2006, a layinta na kyauta 1517. Fasinjoji ma su daina cewa, "Direba ba shi mana mu tafi." Sau da yawa matsin nasu ne ke karya wanda ya yi niyyar tsayawa a kan gaskiyarsa.

Galibin motocinmu na hannu ne, wasu sun taɓa yin haɗari tun a Turai kafin a loda su jirgi zuwa Duwala ko Kwatano. Bel ɗin da ya riƙe mutum a karo mai ƙarfi ya gama aikinsa, canza shi ake yi, haka wanda zarensa ya fara tsinkewa. Gwajinsa mai sauƙi ne: fizge shi da ƙarfi, in bai cije ba a kai wa makanike. Mota mai jakar iska ma sai da bel, domin jakar fashewa take da ƙarfin gaske, wanda bai ɗaura ba da fuska yake tarar ta. Mai juna biyu ta ɗaura, maɗaurin ƙasa ya bi ta ƙarƙashin ciki a kan ƙugu, na sama ya ratsa tsakiyar ƙirji. Yaro kuma wurinsa baya. Kada a rungume shi a cinya a kujerar gaba, kuma kada babba ya haɗa kansa da yaro a bel ɗaya, don ranar karo nauyin babban a kan yaron zai sauka.