Amai da gudawa bayan jariri ya ci abinci: amsoshin tambayoyinku

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Garwa. Tambayoyin nan kullum sai an yi mini su, a wurin awon yara da kuma ta WhatsApp, daga Marwa har Kuseri. Ku karanta, ku karanta wa kakanni ma.

Da gaske abinci mai kyau yana iya ɓata cikin yaro?

Ƙwarai. Garkuwar jikin wasu yara tana faɗa da furotin, wato sinadarin gina jiki, na wani abinci. Nonon saniya ne kan gaba, sai ƙwai, gyaɗa, waken suya, kifi, alkama da riɗi.

To duk gudawar jarirai daga nan take?

A'a, Hajiya, yawancinta ma ba daga nan take ba. A wurinmu gurɓataccen ruwa, kwalbar shayarwa da ba a tafasa ba, atuni da zazzaɓin cizon sauro su ne a gaba. A fara da gwajin kashi da na jini. A ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Kuma don Allah a daina ɗora wa haƙori laifi. Yaro yana zawo kwana da kwanaki, idonsa ya faɗa, ana zaune ana cewa haƙori ne zai fito!

Ta yaya zan gane abinci ne?

Abin yana maimaituwa duk lokacin da ya ci abu ɗaya, ba zazzaɓi, ba kowa a gidan da ke zawo. Wani borin jini zai fito masa cikin mintuna. Wani sai bayan awa 1 zuwa 4 ya kama amai ba ƙaƙƙautawa, ya yi fari, ya yi laushi. Wannan har shinkafa tana iya jawo shi. Wani kuma majina da ɗigon jini a kashi, ƙaiƙayin fata, ko awo ya tsaya wata da wata.

In koma nonon akuya ko na tunkiya?

A'a. Furotin ɗinsu kusan ɗaya ne da na saniya. Nido da kindirmo da man shanu ma duk daga saniya suke, Cerelac kuma akwai madara a cikin yawancinsa.

Jaririna wata 2, nonona kaɗai yake sha, amma ina ganin zaren jini a kashinsa. Surukata ta ce nonona ne ya lalace, in yaye shi. Yaya zan yi?

Kada ki yaye shi. Nononki bai lalace ba, ki kwantar da hankalinki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata 6, kuma yaron da aka cire daga nono a wata 2, a irin zafin Maris da Afrilu na nan, shi ne ke shiga haɗari.

Sai dai ba zan ce miki abinci ne ba alhali ban ga yaron ba. Jinin yana iya zama ɗan tsagewar dubura, yana iya zama atuni, wani lokaci ma jinin kan nononki ne da ya tsage ya haɗiya. Likita ne zai rarrabe. In duk an duba ba a samu komai ba, yaron kuma yana wasa, yana tsotso, awonsa yana hawa, to akan ce uwa ta bar duk abin da ke da nonon saniya na mako 2 zuwa 4: fura da nono, kindirmo, shayi da madara, man shanu a tuwo. Sau da yawa jinin yakan ragu cikin 'yan kwanaki, amma wani yaron sai ya ɗauki lokaci. In ya tsaya, sai ki koma shan nonon da shawarar likita, a ga ko zai dawo. Wannan matakin ne mata suke tsallakewa, alhali shi ne ke tabbatar da magana. In bai ragu ba sam, ƙila ba nonon saniya ba ne, ƙila waken suya ko ƙwai ne, ƙila ma ba abinci ba ne. A koma asibiti.

Na san abin da wuya ga maijego, musamman a gidan da ake da shanu, inda nono shi ne abincin yau da kullum. Ki cike gurbin da wake, zogale, nama da ƙananan kifi, ki tambaya a rubuta miki maganin ƙarin ƙarfin ƙashi. Abu ɗaya ake cirewa a lokaci guda. Kada ki bar nono da ƙwai da gyaɗa da kifi rana ɗaya, ki zauna da kunu tsura, ke ki rame, shi ma ya rasa ƙoshi. Madarar gwangwani ta musamman da ake yi wa irin waɗannan yara tana da tsada, ba kuma kowane kantin magani ke da ita ba, shi ya sa nake nacewa a kan nononki.

Dauri fa? An ce ɗankanoma ne.

Kada a ɗura wa jariri dauri, kada a tura masa komai a dubura. Jan da kike gani zawo ne ya ci fatar. A wanke da ruwa, a bar wurin ya bushe, a shafa man da aka ba ki.

Yaushe zan ruga asibiti?

Leɓe ko fuska ta kumbura, numfashi yana sarƙewa, muryarsa ta dushe, ya yi laushi, ya ƙi nono, amai kore, ko jini mai yawa. Ko tsakar dare ne, a tari babur. Ba a jiran Malam ya dawo daga kasuwa.

Yaron zai rabu da wannan matsalar abincin?

Insha Allahu. Mai ɗigon jinin nan yakan wuce wajen shekara 1, yawancin masu matsalar nonon saniya kuma kafin shekara 5. Na gyaɗa ya fi daɗewa. Yaron da ya taɓa kumbura ko ya yi laushi, ba a sake gwada masa abincin a gida.

An ba shi Plumpy'Nut saboda tamowa, in ba shi?

Akwai gyaɗa da madara a ciki. In ya taɓa yin borin jini da ɗayansu, ki faɗa wa ma'aikatan kafin ya lasa, su fara gwadawa a gabansu. In bai taɓa ba, ki ba shi duka yadda aka ƙayyade, kada a raba da yayyensa.