Kunun zaki da ya kwana ba burukutu ba ne

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa har yau za ka ji ana cewa wai kunun zaki in ya kwana ya yi tsami to ya zama burukutu. Ba haka abin yake ba jama'a. Tsamin nan irin na nono ne, wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke cinye sukarin ciki, shi ya sa da zafin bazara kunun safe kafin la'asar ya fara juyawa.

Burukutu aikinsa daban ne, sai an jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa sosai, sannan a zuba yis ko ragowar tsohon burukutu a bar shi kwana biyu ko fiye, yis ɗin ne ke mayar da sukari barasa. Ƙananan kamfanonin giya na garuruwan Amurka da Jamus ma hanyarsu kenan, sai dai su da tsiron sha'ir suke yi, su ƙara wani fure mai ɗaci.

Amma fa kunun da ya yi kwanaki a jarka har yana kumfa, wannan kam a zubar, yis na iya kama shi kuma yana ɓata ciki.