Waiwaye: Gubar dalma a famfunan makarantun Amurka ta girmi rikicin Flint

A makarantu da dama na Amurka, in ka bi ta baranda za ka ci karo da famfon shan ruwa, irin wanda yaro ke danna maɓalli ruwa ya tsarto sama ya tara baki, an lulluɓe shi da baƙar leda an ɗaure da salatif. Can gefe ga ƙatuwar gorar ruwa a kife kan maɗorinta, ga tulin kofunan takarda. A birnin Baltimore akwai yaran da suka shiga aji ɗaya har suka gama sakandare ba su taɓa kurɓar ruwan famfon makarantarsu ba.

Tun da aka sabunta ƙa'idar tarayya kan dalma a ruwan sha a watan Oktoba na 2024, gardamar ta sake tashi. Wasu na cewa a riƙa gwada kowane famfo. Wasu na cewa gwajin asarar kuɗi ce, a maƙala matacin ruwa kowa ya huta. Ga kuma ja-in-ja kan wanda zai biya. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne kusan kowa daga garin Flint na jihar Michigan, inda dalma ta gurɓata ruwan famfon gari, yake ɗauko zancen, kamar a 2014 aka wayi gari dalma ta faɗa cikin ruwa. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Mai karatu Bahaushe ya san dalma. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, sakamakon ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a tsakar gida. Ta famfo tafiyarta daban ce. Ba kasafai take kayar da yaro da jijjiga ba. Ba ta sauya wa ruwa launi ko ɗanɗano, tafasawa kuma ba ta raba ta da shi, sai ma ta ƙara taruwa, don ruwan ne ke ƙonewa ita ta zauna. Jiki yana ɗaukarta kamar sinadarin kalsiyam, ya adana ta a ƙashi da haƙori, kuma cikin abin da aka haɗiya, ƙaramin yaro na tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotse. A ƙwaƙwalwa take ɓarnarta a hankali: rashin natsuwa, jinkirin gane karatu, saurin fushi. Daga nan sai a ce yaro daƙiƙi ne, ko ba ya jin magana.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. An yi dokar tsaftar ruwan sha a 1974. An hana fentin gida mai dalma a 1978. A 1979 likita Herbert Needleman ya tattara haƙoran da yaran firamare suka famfare a yankin Boston, ya nuna cewa masu dalma da yawa a haƙori su ne malamansu suka fi kuka da rashin natsuwarsu. Ma'aunin da ake ɗauka abin damuwa a jinin yaro ya yi ta sauka, daga maikirogiram 60 a kowace desilita a shekarun 1960, zuwa 10 a 1991, zuwa 5 a 2012, zuwa 3.5 a 2021. Yau likitoci sun haɗu a kan cewa babu wani adadi da za a ce ba shi da illa.

A 1986 aka hana shimfiɗa sabbin bututun dalma da liƙa bututu da ita. Sai dai dokar ta kira kan famfo ko mahaɗin tagulla "marar dalma" ko da yana ɗauke da ita har kashi 8 cikin 100, kuma sai a watan Janairu na 2014 aka sauko da wannan zuwa kashi 0.25. Ke nan makarantar da aka gina a 2005 ma tana iya zama da ita. Abin da aka riga aka binne a bango kuwa, babu wanda aka umarta ya tono shi.

A ƙarshen shekarun 1980 aka gano wani abu da ya tayar wa iyaye hankali. Wasu daga cikin injinan sanyaya ruwa da ke tsaye a barandar makarantu, tankinsu na ciki da dalma aka shafe shi. Ruwa ya kwana a ciki, ya yi Asabar da Lahadi, ranar Litinin da safe yaro na farko ya zo ya sha. Majalisar dokoki ta yi doka ta musamman, aka sa mata hannu ranar 31 ga Oktoba, 1988. Ta ce a janye irin waɗannan injina daga kasuwa, hukumar kare muhalli ta EPA ta fitar da jerin sunayensu da jagorar gwaji. Sannan ga sashen da ya fi kowanne nauyi: cikin wata tara kowace jiha ta kafa shirin taimaka wa makarantu su gwada ruwansu su gyara, a bayyana wa iyaye sakamako, cikin wata goma sha biyar kuma duk injin da bai tsira ba a gyara shi, ko a cire shi, ko a kashe shi. In ka karanta wannan sashe a yau za ka ga kusan duk abin da ake ta kiraye-kiraye a kansa yana ciki.

A 1991 aka fitar da ƙa'idar dalma da jan ƙarfe, wadda ta ɗora wa masu samar da ruwa alhakin ɗibar samfuri a famfunan gidaje. In fiye da kashi 10 cikin 100 na samfuran suka haura maikirogiram 15 a lita, dole su ɗauki mataki. Ƙa'idar ba ta shiga makarantu ba, in ban da makarantu da gidajen renon yara wajen 8,000 da ke da rijiyarsu ta kansu. A lokacin wannan bai yi kama da giɓi ba. Gidaje na da ƙa'idar 1991, makarantu na da dokar 1988.

Nan ne wurin da ake tsallakewa, kuma nan na fi so mu tsaya.

A jihar Louisiana wata ƙungiyar fafutukar talakawa mai suna ACORN, tare da wasu iyaye, ta shigar da ƙarar jami'an jihar tana neman a aiwatar da dokar 1988 yadda aka rubuta ta. Shari'ar na tafiya, aikin da ake nema ya ci gaba, har kotun farko ta ga babu sauran abin jayayya ta rufe ƙarar, ta kuma ce a biya masu ƙara kuɗin lauyoyinsu. A kan wannan kuɗin lauya aka ɗaukaka ƙara. Maganar ta je gaban kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai zama a New Orleans, tambayar kuma ta rikiɗe. Ba a ƙara tambayar ko akwai dalma a ruwan yara ba. Aka koma tambayar ko gwamnatin tarayya na da hurumin umartar jiha ta kafa shiri ta gudanar da shi da ma'aikatanta.

Wanda ya san yadda tarayya da jihohi ke jan igiya a kan iko ba zai ga baƙon abu a nan ba. Gyara na goma a tsarin mulkin Amurka ya bar wa jihohi duk ikon da ba a ba tarayya ba. A 1992, a wata shari'a kan sharar nukiliya, Kotun Ƙoli ta ce tarayya na iya lallashin jiha da kuɗi, tana iya yin aikin da hannunta, amma ba ta iya mayar da gwamnatin jiha 'yar aikenta. Da wannan ma'auni aka auna dokar 1988, aka ga ba ta bar wa jiha zaɓi ba, ko ta kafa shirin ko a maka ta a kotu. A 1996 aka yanke cewa wannan sashe ya saɓa wa tsarin mulki. Garin neman ƙiba an samo rama.

Alƙalan ba su ce dalma ba guba ba ce, ba kuma abin da aka tambaye su ba ke nan. Masu ƙara sun nemi abin da doka ta ba su, ɗaya ɓangaren ya tsaya kan abin da tsarin mulki ya ba shi. Kowa da hujjarsa. Hukuncin ma a ƙa'ida jihohi uku kawai ya ɗaure, Louisiana da Mississippi da Texas. Amma da yake hujjar da aka kafa shi a kanta daga Kotun Ƙoli ta fito, sashen ya zama mushe a ko'ina. Ga shi kuma ya faɗo a shekarar da aka kammala haramta man fetur mai dalma a motocin ƙasar, lokacin da dalmar jinin yara ke raguwa sosai, jama'a na ganin an ci yaƙin. Wa zai waiwayi wata gardamar kuɗin lauya a New Orleans?

Abin da ya rage bayan hukuncin shi ne, a ganina, tushen duk abin da ake fama da shi yau. Mai samar da ruwa alhakinsa yana ƙarewa a bakin mitar ruwa. Dokar tarayya da masu samar da ruwa take magana, makaranta kuwa mai saye ce kamar kowane gida. Jiha in ta ga dama ta yi tata doka. Ita kuma gundumar makarantu, wadda kaso mai yawa na kuɗinta daga harajin gidajen unguwa yake fitowa, ita ce za ta zaɓa tsakanin albashin malami da rufin da ke yoyo da famfon da a ido lafiyarsa ƙalau. Unguwar da ta fi talauci ita ta fi tsofaffin gine-gine, ita ta fi ƙarancin haraji. Kuma wanda ya gwada ya gano, gyara ya hau kansa. Tsarin da kansa yana saka wa wanda bai duba ba. Tsakanin mitar ruwa da bakin yaro akwai bututu mai tsawon mita ɗaruruwa da ya zama maraya, alhali a nan dalmar makaranta take, a liƙin mahaɗai, a kan famfo na tagulla, a tsohon injin sanyaya ruwa.

Shekaru ashirin da suka biyo baya, gari-gari aka riƙa sake gano abin da aka riga aka sani. A Washington an sauya sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa a shekarar 2000, sabon ya ɓare ɓawon da ya rufe cikin tsofaffin bututu, sai a farkon 2004 jarida ta fito da labarin. Baltimore, da aka ga dalma a famfunan makarantunta tun farkon shekarun 1990, ta koma ruwan gora gaba ɗaya a 2007. A 2006 an fitar da jagorar gwaji ga makarantu, ta ganin dama.

Sannan Flint. A Afrilun 2014 aka mayar da garin kan ruwan kogi, ruwan ya ci bututu, a Satumbar 2015 likitar yara Mona Hanna-Attisha ta nuna cewa yaran da dalma ta yi yawa a jininsu sun kusa ninkawa, daga kashi 2.1 zuwa 4 cikin 100. Tsoro ya sa kowa ya waiwayi famfonsa. Newark ta rufe famfuna a makarantu 30 a Maris na 2016, Detroit ta rufe na dukkan makarantunta a Agustan 2018. Ofishin bincike na majalisa, GAO, ya ba da rahoto a 2018 cewa kashi 43 cikin 100 na gundumomin makarantu ne suka yi gwaji a 2016 ko 2017, kuma cikinsu kashi 37 sun tarar da dalma sama da ƙima. Kashi 41 ba su gwada ba. Kashi 16 ba su ma san ko an gwada ba. A Disambar 2016 aka cike gurbin wancan mataccen sashe na dokar 1988 da tallafin kuɗi ga mai so.

Gwajin shi ma yana da nasa rauni, shi ya sa masu cewa a tace suke samun magoya baya. Dalma ba ta fita daidai wa daida. Famfo ɗaya zai ba ka sifili yau, mako mai zuwa wani ɗan ɓarɓashin liƙi ya ɓalle ya ba ka ɗaruruwa. Famfo biyu a baranda ɗaya sai su saɓa. Ruwan da ya kwana dogon hutu ba ɗaya yake da na ranar Laraba da rana ba. Ma'aunin ma ba a daidaita ba: ruwan gora iyakarsa maikirogiram 5 a lita, jihar New York da ta wajabta gwaji a 2016 daga baya ta sauko zuwa 5, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuwa 1 take so a famfon makaranta. Michigan, jihar da Flint ke ciki, ta yanke gardamar a 2023 da dokar da ta ce a fara da tacewa, wurin cika gora mai mataci ɗaya ga kowane mutum 100 a makaranta.

Dala biliyan 15 da aka ware a 2021 na tono bututun dalma ne da ke shiga gidaje daga titi, kuma manyan gine-gine irin makarantu ba kasafai suke da irin wannan bututu ba. Ƙa'idar 2024 ta ba da shekara goma a gama tonon, ta sauko da ma'auni daga 15 zuwa 10, an kuma riga an ƙalubalance ta a kotu. Game da makarantu, ta ce masu samar da ruwa su ɗebi samfuri a firamare da gidajen renon yara, sakandare kuma in ta nema. Samfuri biyar a kowace makaranta, ko da famfunanta sun kai hamsin, biyu a gidan reno. Za a miƙa wa makarantar sakamakon. Abin da za ta yi da takardar bayan ta karɓa, wannan ya danganta da jihar da take ciki.