Waiwaye: Baƙin malaman Ingilishi a Japan da al'adar kallon darasi

A shekarar 1872 gwamnatin Japan ta buɗe makarantar horon malamai ta farko a Tokyo, ta ɗauko wani Ba'amurke, Marion Scott, ya nuna yadda malami ɗaya zai tsaya gaban allo ya koyar da aji guda a lokaci ɗaya. Kafin nan kowane yaro da nasa karatun yake, malam na bin su ɗaya bayan ɗaya, kamar a makarantar allo. Masu neman zama malamai sukan zauna su kalli yadda ake ba da darasi, sannan su gwada a firamaren da aka haɗa da makarantar a 1873.

Daga nan al'adar nazarin darasi ta samo tushe. Malamai su haɗu su tsara darasi guda, ɗayansu ya koyar, sauran su jeru a bayan aji da takardu. Idanunsu sun fi karkata ga yara: wa ya gane, wa ya kakare, a ina. Bayan an tashi sai a zauna a tattauna. Duniya ta farga da abin bayan binciken ƙasa da ƙasa kan karatun lissafi da kimiyya, wato TIMSS, na 1995, wanda ya ɗauki bidiyon darussan lissafi a Jamus da Japan da Amurka. Hukumar JICA, mai kula da tallafin da Japan ke bai wa ƙasashen waje, ita ma ta kawo horon malaman lissafi da kimiyya Najeriya a 2006, aka fara da jihohin Kaduna da Neja da Filato.

Sai dai baƙin da ke koyar da Ingilishi a Japan ɗin ba su ci moriyar wannan gado yadda ya kamata ba. An ƙaddamar da JET, shirin gwamnatin Japan na kawo baƙi su taimaka wajen koyar da Ingilishi a makarantu, a 1987 da mutum 848 daga Amurka da Birtaniya da Ostareliya da New Zealand. Digiri na farko ake nema, a kowane fanni, ba a tambayar takardar koyarwa. Su sauka Tokyo, a yi musu bita ta 'yan kwanaki, a rarraba su garuruwa da ƙauyuka. Tun asali shirin na da fuska biyu, koyar da harshe da kuma ƙulla zumunci da ƙasashen waje, kuma a ganina ta biyun ce ta rinjayi yadda aka tsara shi. Baƙon mataimaki ne, zai yi aiki tare da malamin ƙasa. To amma wa ya koya wa su biyun yadda za su raba aiki? Shi ya sa aka daɗe ana jin koken cewa an mayar da wasu rikoda: su karanta jimla, yara su maimaita, shi ke nan.

Da aka wajabta Ingilishi a aji biyar da shida na firamare a 2011, aka kuma mayar da shi cikakken darasi a 2020, sai lamarin ya juya. Malaman firamare da yawa ba su yi horon koyar da harshen ba, wasu suka sakar wa baƙon aji gaba ɗaya.

An yi gyare-gyare. Akwai taron ƙara wa juna sani na shekara-shekara a larduna, hukumar CLAIR mai kula da shirin kuma tana tallafa wa masu son yin kwas ɗin koyar da Ingilishi. Amma taro a zaure daban, kallon aji na gaske daban, ga shi kwantiragin na shekara guda ne, ana sabunta shi har zuwa biyar, mutum na fara gogewa sai ya tafi. Wata matsalar ita ce ƙananan hukumomi da dama sun koma ɗaukar mataimaka ta hannun kamfanoni. A wani nau'in wannan kwangila, doka ba ta yarda malamin makaranta ya bai wa baƙon umarni kai tsaye ba, sai dai a bi ta kamfani, ko da kuwa suna tsaye a aji ɗaya.