Tsufa: Abin da ke Haddasa Shi a Jikin Ɗan Adam

Tsufa shi ne raguwar ƙarfin jiki da ikonsa na gyara kansa a hankali, yayin da shekaru ke ƙaruwa. Furfura, yamushewar fata, dushewar gani da raunin ƙashi alamu ne kawai na zahiri. Tushen al'amarin yana cikin ƙwayoyin halitta, inda ɓarna take taruwa kullum, gyara kuma ba ya cim mata. Tun a 1825 Benjamin Gompertz, masanin lissafi ɗan Ingila, ya nuna cewa haɗarin mutuwa yana hauhawa ne bisa tsari. Bayan shekara 30, yakan ninka kusan duk bayan shekara takwas.

Iyakar rabuwar ƙwayoyin halitta

A farkon ƙarni na 20 masana sun ɗauka cewa ƙwayar halitta ba ta tsufa muddin ana ciyar da ita. Alexis Carrel, likitan tiyata ɗan Faransa da ke aiki a Amurka, ya ce tsokar zuciyar ɗan tsako da ya fara reno a kwalba a 1912 ta ci gaba da rayuwa shekaru da dama. Ya ci kyautar Nobel, don haka ba a cika yi masa musu ba. Sai a 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead, a Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya, suka tabbatar da akasin haka: ƙwayar jikin mutum takan rabu sau 40 zuwa 60, daga nan ta tsaya cik.

Dalilin yana a ƙarshen kowane kromosom, wato ƙunshin DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) da ke cikin ƙwayar. A nan akwai wani yanki da ake kira telomiya, mai aiki irin na ƙullin bakin igiya da ke hana ta warwarewa. Duk lokacin da ƙwayar ta rabu biyu, sai telomiya ta ɗan gajarce, domin na'urar kwafin DNA ba ta iya kaiwa can ƙarshe. Alexey Olovnikov na Rasha ya hango haka a 1971. A 1984 Carol Greider da Elizabeth Blackburn suka gano telomerase, sinadarin da ke sake tsawaita wannan yanki, kuma su biyun tare da Jack Szostak suka sami kyautar Nobel a 2009.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya hana jiki sakin wannan sinadari ko'ina? Amsar ita ce ciwon daji. Mafi yawan nau'o'insa suna bunƙasa ne ta hanyar farfaɗo da sinadarin, su yi ta rabuwa ba iyaka. Ashe birkin da ke tsufar da mutum shi ne kuma yake kare shi tun yana matashi.

Ƙwayar da ta daina rabuwa ba lalle ta mutu ba. Takan zauna tana fitar da sinadarai masu jawo kumburi, suna lalata na kusa da ita. A ƙuruciya garkuwar jiki tana share irin waɗannan, amma ita ma garkuwar tana raunana, sai su yi ta taruwa. A 2011 masu bincike a Asibitin Mayo na Amurka suka kawar da su daga jikin ɓeraye, suka ga yanar ido da zaizayewar tsoka sun jinkirta.

Lalacewar DNA da sauran sassa

Hasken rana, hayaƙin taba, har da ayyukan jiki na yau da kullum suna raunata DNA sau dubbai a kowace ƙwaya a kowace rana. Ana gyara kusan duka, amma ɗan abin da ya kuɓuce yana nan har abada. Hujja mafi ƙarfi a nan ta fito ne daga cututtukan gado masu gaggauta tsufa. Yaran da ke da cutar furojeriya, wadda aka gano a 2003 cewa kuskure ne a ƙwayar gado guda mai suna LMNA, sukan rasa gashi, jijiyoyin jininsu su taurare, yawancinsu su rasu da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki suna da shekara goma sha wani abu.

A 1956 Denham Harman ya ɗora laifin a kan wasu ɓurɓushin iskar oksijin masu illa, waɗanda ke fita yayin da jiki ke ƙona abinci don samun kuzari. Ra'ayin ya yi tashe ƙwarai, kuma a kansa aka gina kasuwar ƙwayoyin bitamin na "hana tsufa". Sai dai manyan gwaje-gwaje a kan mutane ba su nuna cewa shan su yana ƙara kwana ba, abin da masu tallar ba sa faɗa. Ban da wannan, furotin da suka lanƙwashe ba daidai ba suna taruwa, kamar yadda ake gani a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer, ƙwayoyin asali masu sabunta jini da fata kuma suna raguwa. Wata maƙala da Carlos López-Otín da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ta tattara alamomi 9 na tsufa, a 2023 suka mai da su 12.

Me ya sa gyaran bai cika ba?

Ɓeran gida ba ya wuce shekara biyu zuwa uku, alhali wani ɓera maras gashi da ke zaune a ramuka a Habasha, Kenya da Somaliya yana haura shekara 30. Wannan ya nuna cewa ingancin gyara ya bambanta daga halitta zuwa halitta. Peter Medawar a 1952 da George Williams a 1957 sun yi bayanin cewa ƙwayar gado da ke cutarwa bayan an gama haihuwa ta riga ta wuce zuwa 'ya'ya, musamman in tana da amfani a ƙuruciya. Thomas Kirkwood ya ƙara a 1977 cewa jiki yana raba ƙarfinsa ne tsakanin haihuwa da gyara, kuma dabbar da ake saurin cinyewa a daji ba ta da ribar zuba jari a gyara.

Ana iya sauya saurin tsufa a ɗakin gwaji. Clive McCay na Jami'ar Cornell ya nuna a 1935 cewa ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi daɗewa, Cynthia Kenyon kuma ta ninka rayuwar wata 'yar tsutsa a 1993 ta hanyar sauya ƙwayar gado ɗaya tak. A mutum kuwa har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana rage saurin tsufa. Mafi tsawon rai da aka tantance da takardu shi ne na Jeanne Calment, 'yar Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122.